Kwamfutarka Tana da Kawuna Takwas, Ɗaya Ne Ke Aiki: Yadda Za Ka Zaɓi Harshen Raba Lissafi

Duk mai bincike da ke rubuta manhajarsa da kansa, ɗalibin digiri na biyu ne ko malami ko ma'aikacin wata cibiya, akwai ranar da zai iske lissafinsa ya kwana yana gudu bai gama ba. Abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne ya sayi sabuwar kwamfuta, ko ya koyi sabon harshe da aka ce ya fi sauri. Kafin ka taɓa aljihunka ko ka ba da watanninka, yi wannan ɗan gwajin: sa manhajar ta fara aiki, sannan ka buɗe Task Manager idan Windows kake amfani da ita, ko htop idan Linux ce. Sau da yawa a Task Manager za ka ga furosesa ta tsaya a kashi 12 ko 13 cikin ɗari, ba ta gaba ba ta baya; a htop kuwa za ka ga kai ɗaya ne kawai a cike. Ma'anar wannan ita ce na'urarka na da kawunan aiki takwas, ɗaya yana zufa, bakwai suna zaune.

Dalilin haka tsohon labari ne. Har zuwa wajajen 2004, kowace sabuwar furosesa tana fin ta baya gudu, kuma tsohuwar manhaja kan ƙara sauri ba tare da an taɓa ta ba. Daga nan zafi da cin wuta suka taka wa abin birki. Kamfanonin Intel da AMD suka juya ga zuba kawuna da yawa a cikin furosesa ɗaya, kuma a 2005 masu kai biyu suka shiga kasuwar kwamfutocin gida. Tun daga lokacin, ƙarin sauri ya koma hannun mai rubuta manhaja: sai ya raba aikin da kansa kafin kawunan su ɗauka tare.

Shawarata a dunƙule ita ce: harshen da ya fi maka shi ne wanda zai kai ka ga amsa sahihiya da wuri, idan aka haɗa lokacin koyo da na rubutu da na gyaran kuskure da na gudun na'ura. Manhajar da ke gamawa cikin minti goma amma ta ci maka wata uku wajen rubutu ba ta fi wadda ke ɗaukar awa biyu da ka rubuta cikin kwana biyu ba, sai fa idan za a riƙa gudanar da ita kullum har shekaru.

Fara da awo

Kada ka raba komai sai ka san inda lokaci ke tafiya. Python na da cProfile, R na da Rprof, Julia na da Profile. Kowannensu zai nuna maka sashen da ya fi cin lokaci. Abin da za ka gani yakan ba da mamaki: mutum yana zargin lissafinsa, ashe karanta fayil ne ke cinye rabin lokacin, ko wani madauki da ke maimaita abin da ya isa a yi sau ɗaya.

Awon yana da muhimmanci saboda wata ƙa'ida da injiniya Gene Amdahl ya bayyana a 1967. Kowane aiki na da sashen da za a iya rabawa da sashen da dole a bi shi daki-daki. Wanda ya taɓa ganin gayyar ginin ƙasa ya san wannan: ko mutum ɗari ka tara, kwaɓa ƙasa da yin tubali ne za su yi sauri, amma jiran sahu ya sha iska kafin a ɗora wani a kansa ba ya raguwa. A lissafi, idan kashi 90 cikin ɗari na aikin yana rabuwa, kawuna takwas za su ba ka ninki 4.7 na sauri, kuma ko kawuna dubu ka samu ba za ka wuce ninki 10 ba. Idan rabin aikin ne kawai ke rabuwa, iyakarka ninki 2. Yi wannan lissafin a takarda tun farko. Idan ribar da ke jiranka ba ta kai wahalar ba, gara ka gyara tsarin lissafin da kansa.

Gane irin aikin da ke gabanka

Ayyukan da ake rabawa kusan iri uku ne, kuma irin aikin shi ke zaɓar maka kayan aiki.

Na farko, ayyuka masu zaman kansu, waɗanda babu ruwan wani da wani: fayil 500 da za a yi wa aiki iri ɗaya, ko gwaji ɗaya da za a maimaita da alƙaluma daban-daban. Mafi yawan ayyukan ɗalibai a nan suke, kuma su ne mafi sauƙi.

Na biyu, babban lissafi guda a kan jadawalin lambobi da ke zaune a ma'adanar kwamfuta ɗaya, inda kawuna za su raba layuka a tsakaninsu amma suna taɓa bayanai iri ɗaya.

Na uku, aikin da ya fi ƙarfin kwamfuta ɗaya, sai an haɗa na'urori da yawa suna aika wa juna saƙo. Hasashen yanayi misali ne: a yanka taswira gida-gida, kowace na'ura ta riƙe nata, amma a kowane mataki sai ta tambayi maƙwabciyarta abin da ke faruwa a kan iyaka, domin iska da hadari ba sa tsayawa a layin da aka ja.

Idan Python ko R ka iya, kada ka yi saurin ƙaura

Mai Python ya fara da NumPy. Madaukin da ke bin lambobi miliyan ɗaya bayan ɗaya, idan aka mayar da shi lissafin jadawali na NumPy, yakan ninka sauri sau goma ko fiye tun kafin a zo maganar kawuna, domin ainihin aikin ana yin sa ne a C da Fortran a ƙarƙashi.

Sai ka san wani shinge da ke cikin Python da ake kira GIL. Shi ne makullin da ke hana zaren aiki biyu gudanar da umarnin Python a lokaci guda. Saboda shi, idan ka yi amfani da threading don lissafi mai nauyi, ba za ka ga wani ƙarin sauri ba. Amfaninsa yana wajen jiran intanet ko faifai. Python 3.13, da ta fito a Oktoban 2024, ta zo da nau'in gwaji marar wannan makulli, amma na yau da kullum da yawancin mutane ke saukewa yana nan da shi. Mafita ita ce ProcessPoolExecutor da ke cikin concurrent.futures: yana buɗe Python da yawa, kowace da ma'adanarta, ya raba musu aikin. Layi huɗu ko biyar sun isa ga aiki irin na farko. Mai Windows ya tuna ya sa kiran a ƙarƙashin `if __name__ == "__main__":`, in ba haka ba kowace sabuwar Python za ta yi ƙoƙarin sake buɗe wasu, manhajar ta faɗi da kuskure.

Idan madaukin ya ƙi zama jadawali, gwada Numba. Za ka ɗora `@njit(parallel=True)` a saman aikin, ka musanya range da prange, sai ta fassara shi zuwa harshen na'ura ta raba wa kawuna. Idan kuma bayanan sun fi ƙarfin ma'adanarka, Dask na yanka su gunduwa-gunduwa ta bi su da salon da ya yi kama da NumPy da pandas.

Mai R yana da kunshin parallel tun daga shigarwa. Lura da cewa mclapply ba ya raba aiki a Windows. Shi kuwa parLapply yana aiki a ko'ina. Wanda kuma yake da manhaja gamammiya da yake son gudanarwa a kan fayiloli da yawa, GNU parallel a Linux zai yi masa haka da layin umarni ɗaya, ba tare da ya sauya ko harafi a manhajar ba.

Idan ka gaji manhajar C ko Fortran

Sassan kimiyyar lissafi da injiniyanci cike suke da tsoffin manhajoji na Fortran da C da malami ya miƙa wa ɗalibi. Kada ka raina su, kada kuma ka ce sai ka sake rubuta su. OpenMP, wanda ya fito don Fortran a 1997 kuma don C da C++ a 1998, an yi shi ne don irin wannan hali. A C, layi ɗaya, `#pragma omp parallel for`, a saman madauki, tare da `-fopenmp` wajen harhaɗawa da gcc, ya isa kawunan su raba zagayen. Kyawunsa shi ne ana shiga da shi sannu a hankali: madauki ɗaya yau, a gwada, wani gobe.

MPI kuwa, wanda ƙa'idarsa ta farko ta fito a 1994, shi ne harshen da manyan kwamfutocin duniya ke magana da juna da shi. Ƙarfinsa babu tababa, amma kai ne za ka faɗi wa zai aika me, ga wa, kuma yaushe. Idan na'ura biyu suka tsaya kowace tana jiran saƙon ɗaya, aikin zai daskare shiru babu ko sanarwar kuskure. Don haka kada ka shiga rubuta MPI sai aikinka ya tabbata iri na uku ne. Ko a nan ma, duba ko an riga an yi maka. WRF na hasashen yanayi, GROMACS na motsin ƙwayoyin sinadarai, da OpenFOAM na kwararar ruwa da iska, duk suna ɗauke da MPI a cikinsu. Abin da ke gabanka shi ne ka koyi gudanar da su daidai, da yadda ake miƙa aiki ga Slurm, manhajar da ke tsara layi a yawancin rukunonin kwamfutoci na jami'o'i.

Sabbin harsuna: wanne, kuma don me

Irin wannan wahalar rubuta manhaja na cikin abin da ya sa hukumar DARPA ta Amurka ta buɗe wani shiri a 2002 don samar da manyan kwamfutoci masu sauƙin sarrafawa. Harsuna uku suka fito daga ciki: Chapel daga kamfanin Cray, X10 daga IBM, da Fortress daga Sun. An dakatar da Fortress a 2012, X10 ma ya lafa. Chapel ne ya rayu. Ya koma hannun kamfanin HPE lokacin da ya sayi Cray a 2019, kuma Chapel 2.0 ta fito a Maris na 2024. Akwai darasi a wannan tarihin: harshe na iya yin kyau a takarda, manyan kamfanoni na bayansa, ya kuma mutu. Kafin ka ɗora aikin shekara uku a kan harshe, duba ko ana sabunta shi, kuma ko akwai wanda zai amsa maka tambaya.

Abin da Chapel ya yi fice a kai shi ne rabon aiki yana cikin jinin harshen. Ka rubuta forall a maimakon for, madaukin ya rabu a kan kawuna. Ka rubuta `+ reduce A`, a tara maka jimillar jadawali ba tare da rikici ba. Ka sauya bayanin yadda jadawalin ke shimfiɗe, manhajar da ka gwada a kwamfutar cinya ta bazu a kan na'urori da yawa, ba ka rubuta saƙo ko ɗaya da hannu ba. Rauninsa shi ne ƙarancin jama'a da ƙarancin kunshin da aka riga aka rubuta. Ya dace da wanda zai fara babban aiki daga tushe kuma yana da damar shiga rukunin kwamfutoci.

Julia ta fito fili a 2012 daga hannun Jeff Bezanson, Stefan Karpinski, Viral Shah da Alan Edelman, kuma ta kai 1.0 a 2018. Matsalar da ta zo warwarewa sananniya ce ga masu bincike: a gwada tunani a Python ko MATLAB, in ya yi kyau a sake rubuta shi a C don sauri, aiki ya zama biyu. A Julia rubutu ɗaya ne, kuma madauki na yau da kullum yana gudu kusa da saurin C. Ka tashe ta da `julia -t 8`, ka sa `Threads.@threads` a gaban madauki, kawuna takwas su kama aiki. A 2017 aikin Celeste na tantance taurari, wanda aka rubuta da Julia, ya haura lissafi tiriliyan dubu a daƙiƙa ɗaya a kan babbar kwamfutar Cori ta Amurka. Sai dai kiran farko na kowane aiki yakan ɗan yi jinkiri saboda fassara, don haka kada ka auna sauri da gudun farko. Ga mai lissafin kimiyya da Python ta gaza masa, Julia ce nake fara ba da shawara.

Go, wanda Google ya fitar a 2009, gwani ne wajen kula da dubban ƙananan ayyuka a lokaci guda, irin buƙatun da ke shigowa sabar intanet. Da shi aka rubuta Docker da Kubernetes. Idan manhajar biyan kuɗi ko ta aika saƙonni kake ginawa, ga abokin tafiya. Idan lissafin jadawali ne, kayansa ba su kai na Julia ko Python ba.

Rust, wanda ya kai 1.0 a 2015, yana da wata baiwa: yakan ƙi harhaɗa manhajar da zare biyu za su rubuta wuri ɗaya ba tare da kariya ba. Da kunshin Rayon, musanya iter da par_iter kaɗai na raba madauki. Farashinsa shi ne koyo mai tsauri. Ya dace da manhajar da mutane da yawa za su dogara da ita shekara da shekaru, ba gwajin da za a yi a ajiye bayan kare kundin digiri ba.

Maganar katin hoto

Tun da Nvidia ta fitar da CUDA a 2007, katin hoto, wato GPU, ya zama injin lissafi. Yana da dubban ƙananan kawuna da suka ƙware wajen yin abu iri ɗaya a kan lambobi masu ɗimbin yawa. Ba sai ka rubuta CUDA da hannu ba: CuPy na kwaikwayon NumPy, CUDA.jl na yi wa Julia, PyTorch kuma na ɗauke da nasa. Abu biyu za ka kiyaye. Kai bayanai cikin katin da dawo da su na cin lokaci, don haka ƙaramin lissafi yakan fi sauri a furosesa. Sannan katunan wasanni suna da rauni sosai a lissafin lambobi masu bit 64, wanda yawancin aikin kimiyya ke buƙata. Kafin ka sayi kati, gwada aikinka a Google Colab, inda ake samun GPU kyauta na ɗan lokaci, ka ga ko ribar ta kai.

Tarkunan da ke kama kowa

Mafi haɗari shi ne rige-rige. Ɗauka zare biyu suna tara lambobi a jimilla ɗaya, kuma jimillar tana kan 100. Na farko ya karanta 100, zai ƙara 5. Kafin ya rubuta, na biyu ma ya karanta 100, zai ƙara 7. Na farko ya rubuta 105, na biyu ya rubuta 107 a kai. Amsar gaskiya 112 ce, biyar ta ɓace, kuma babu wata sanarwa da za ta fito. Gobe ka sake gudanarwa ka sami wata amsa dabam. Maganinsa shi ne kowane zare ya tara nasa, a haɗa a ƙarshe. Wannan ne aikin `reduction(+:jimla)` a OpenMP. Mai Go ya riƙa gwaji da `-race`, wanda ke farauto irin wannan kuskure.

Na biyu ba kuskure ba ne, amma yana tsorata mutane. Buɗe Python ka rubuta (0.1 + 0.2) + 0.3, za ka ga 0.6000000000000001. Rubuta 0.1 + (0.2 + 0.3), za ka ga 0.6. Kwamfuta na datse wutsiyar lambobi, don haka jerin da aka bi wajen tarawa na taɓa amsa. Rabon aiki yana sauya wannan jeri. Idan bambancin yana can a lamba ta goma sha biyar bayan ɗigo, ka kwantar da hankalinka. Idan yana a ta biyu ko ta uku, akwai matsala, ka koma ka bincika.

Na uku, cunkoso. NumPy kan buɗe zaruruwanta a ɓoye wajen wasu lissafai. Idan ka buɗe Python takwas kuma kowace ta buɗe zare takwas, zare 64 ne ke kokawa a kan kawuna takwas, aikin ya fi na da jinkiri. Saita OMP_NUM_THREADS zuwa 1 a irin wannan hali. Haka ma ma'adana: idan kowane ma'aikaci, wato kowace Python da ka buɗe, na ɗaukar kwafin bayanai na gigabait 2, takwas za su cinye 16, kwamfutar ta sandare.

Na huɗu, lambobin bazata (random numbers). Idan duk ma'aikatan suka fara daga iri (seed) ɗaya, gwaji ɗaya ka maimaita sau takwas kana zaton takwas ka yi. NumPy na da SeedSequence don ba kowa irinsa.

Na biyar ya shafe mu kai tsaye: wuta da zafi. Kawuna takwas a cike suna shan batir da sauri, kuma a zafin bazara kwamfutar cinya kan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Ɗaga ta daga kan katifa, ka bar iska ta ratsa ƙarƙashinta. Sannan ka tsara manhajar ta riƙa ajiye sakamako a faifai bayan kowane kashi, ta yadda in an ɗauke wuta, ko Colab ya yanke maka zama, za ka ci gaba daga inda ka tsaya.

Tsarin da za ka bi

Ka fara da manhaja mai bin hanya ɗaya wadda ka tabbatar amsarta daidai ce, ka adana wannan amsar a matsayin ma'auni. Ka auna inda lokaci ke tafiya, ka yi lissafin Amdahl. Ka gyara sashen da ya fi nauyi a harshen da ka riga ka iya. Sannan ka raba shi ta hanya mafi sauƙi da ta dace da irin aikinka, ka gwada da kai 1, 2, 4 da 8, kana rubuta lokacin kowanne a jadawali kuma kana kwatanta amsa da ma'auninka kowane karo. Jadawalin nan zai nuna maka inda ƙarin kawuna ya daina amfani, kuma shi ne hujjar da za ka gabatar idan ka je neman gurbi a babbar kwamfutar wata cibiya, domin masu kula da irin waɗannan na'urori sukan nemi shaidar cewa manhajarka za ta iya cin moriyar abin da kake roƙo.

Sai bayan duk wannan, idan har yanzu aikin ya fi ƙarfinka, ka ware makonni ka koyi sabon harshe: Julia don lissafin kimiyya, Chapel don aikin da zai bazu a kan na'urori da yawa, Go don sabar intanet, Rust don manhajar da za ta daɗe a hannun jama'a. A lokacin ka riga ka san takamaiman abin da kake nema daga harshen, kuma kana da alƙaluman da za ka auna shi da su.